Shuɗiyar Wutar Goggo Kulsum

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da rumfar Goggo Kulsum, kuma tagar ɗakina rumfar take kallo. Tun ina ƙarama nakan san abin da za a ci a layinmu na New Bell kafin masu ci su sani. In hayaƙi ya shigo da ƙamshin daddawa, miyar kuka ce. In ya zo da citta da masoro, farfesun kayan ciki ne. A wancan lokaci labulen tagata bai taɓa yin wata guda da farinsa ba.

Goggo ba haifaffiyar Douala ba ce. A wata ruga kusa da Ngaoundéré aka haife ta, ta tashi tana tatsar nono tana share garke. Mijinta Hamman yana rako shanu kudu a jirgin ƙasa, da ya gaji da kai da kawowa sai ya ɗauko ta suka zauna a nan. Ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata biyu da babbar tukunya guda. 'Yan'uwa suka aiko ta koma gida, ta ce ta ji, za ta zo in damina ta wuce. A Douala kuwa damina ba ta cika wucewa ba. Ta fara da kunun gyaɗa da safe, ta ƙara shinkafa da wake, daga baya ta kafa rumfar kwano ta jera bencuna. Da wannan rumfa ta aurar da 'ya'yanta duka biyu.

Masu cin abincinta iri-iri ne. Akwai 'yan benskin, wato masu babur ɗin haya, da masu tura amalanke, da teloli. Amma ƙashin bayan rumfar 'yan kasuwa ne da suka zo daga arewacin Najeriya, maza da suka bar iyalinsu a Kano da Maiduguri, suna sayar da yadi da takalma da kayan waya a kasuwannin gari. Su ba sa son rogo da kifi kullum, tuwo suke nema mai kama da na gida. Babbansu Alhaji Awalu ne, Bakano mai shagon yadi, mutum mai fara'a da son tsabta, wanda yake zuwa da cokalinsa a aljihu. Inda ya zauna nan sauran ke zama. Sai Malam Zaidu, Babarbare mai sayar da turare da huluna, wanda bai taɓa cin loma ba tare da ya tsokani Goggo ba, don tsakanin Barebari da Fulani wasa gado ne.

A kasuwa Goggo ta koyi Hausa, Hausar kasuwarmu kuwa ba ta da ƙugiya a kan ƙa. Ita kofa take cewa, da karfe, da kasa. Tsami a bakinta sami ne, Zaidu kuma Jaidu. Mu ma da aka haifa a nan, in muka yi sauri haka muke yi. Baƙin Najeriya sun saba, kunnensu da kansa yake mayar da ƙugiyar inda ta faɗi. In ta ce a rufe kofa, ƙofa suke ji, ba wanda yake tsayawa tambaya.

Shekarun itace da gawayi sun ci idonta. Likita ya gaya mata in ba ta rabu da hayaƙi ba, wata rana da hannu za ta riƙa laluben tukunya. Ta sayi kwalbar gas da risho, idon ya lafa, labulena ma ya huta.

Sai shekarun wahala suka zo a jere. Annobar korona ta rufe kasuwa, da ta ɗaga sai fulawa da man girki suka hau, aka ce wani yaƙi ne a can nesa ya jawo. Lokacin na gama jami'a ina zaune gida babu aiki, don haka komai a idona ya faru. Ana cikin haka gas ya ɓace daga gari. Mata suka riƙa ɗaura kwalba babu komai a bayan benskin, daga Bépanda har Bonapriso, su dawo da ita yadda suka tafi. Goggo ta koma gawayi. Ruwa kuma ba ya ɗaukewa, gawayin a jiƙe yake zuwa, sai an yi ta fifita yana tsartuwa. Cikin ɗan lokaci idonta ya koma ja kamar gauta, tana kwasar tuwo tana share hawaye da gefen zane.

Tana da ƙane, Ɓoɓɓo, wanda yake aiki a kara, can tsallaken gadar Wouri, inda ake ajiye shanu su huta kafin a kai su mayanka. Kashin shanu ya daɗe yana damun masu karar. Ruwa kan kwashe shi ya zuba a kwata, maƙwabta su yi ta kai ƙara. Shi da abokan aikinsa suka kafa ƙungiya, wasu samari da suka karanta aikin gona suka taya su gina rufaffen rami. Ana dama kashin da ruwa a zuba, ya ruɓe a ciki ba tare da iska ta shiga ba, tururin da yake fitarwa ya taru a sama. Wannan tururi shi ne gas. Abin da ya rage a ƙasa kuma taki ne, masu lambu suna rububinsa.

Wata safiya Ɓoɓɓo ya tsaya a ƙofar rumfa da keke mai ƙafa uku, an ɗaure wata baƙar jakar roba a baya, kumburarriya, ta fi katifa girma. Shi kaɗai ya ɗauke ta da hannu, don ba ta da nauyi.

"Adda, ga wuta na kawo miki," in ji shi.

"Wuta a jaka? Ɓoɓɓo, ka karya kumallo kuwa?"

Ya shigar da jakar bayan rumfa, ya haɗa tiyo da wani risho mai faɗin baki, ya ɗora katako da dutse a kan jakar don ta matso. Ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi shuɗiya, a tsaye, babu ko ɗigon hayaƙi. Goggo ta sunkuya ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Ina warin?"

Ya ce da farko akwai, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Yanzu suna bi da gas ɗin ta cikin wata gwangwani cike da garin ƙarfe mai tsatsa da suke karɓowa wajen masu walda a Nkololoun, ƙarfen ya shanye warin. Goggo ba ta ƙara tambaya ba. Wadda ta girma tana shafe daɓen bukka da kashin shanu ba ta ga abin ƙyama a ciki ba. Ta ce bisimilla, ta ɗora tukunya.

Ran nan da rana Alhaji Awalu ya zauna, ya ciro cokalinsa, ya ɗaga hanci.

"Goggo, yau ba hayaƙi. Ina kika samo gas, gari na kuka?"

"Na Ɓoɓɓo ne, Alhaji. Da kashin shanu suke yin shi."

"Ƙashin shanu! Ikon Allah. Wato ƙashin ma da muke jefa wa karnuka wuta ne a cikinsa?"

"Wuta sosai," in ji Goggo, tana can tana kwasar miya, rabin maganar kawai ta ji.

Ina taga na ji su. A kunnena kalma ɗaya suka faɗa, ban ga wani abu a ciki ba.

Makonni suka wuce lafiya. Kullum da safe keke ya kawo cikakkiyar jaka ya tafi da wadda ta lanƙwashe. Idon Goggo ya washe. Abincinta ya riƙa sauka da wuri, a lokacin da sauran masu abinci ke fama da fifita. Alhaji Awalu ya zama mai shelar abin a kasuwa. Duk wanda ya yi kukan gas a gabansa sai ya ce ya je New Bell ya ga Bafillatana tana girki da ƙashi. Ya jawo mata sababbin mutane har benci ya kasa.

Alhaji mutum ne mai son a ce da hannunsa a cikin alheri. Wata Talata, ana tsakar cin abinci, sai ga mai amalanke ya tsaya da buhu, ƙudaje na binsa. Alhaji ya miƙe yana murmushi.

"Goggo, ga gudummawata. Na sa mahautan kasuwa su tara mini. A ba Ɓoɓɓo ya ƙara a injinsa."

Goggo ta kwance bakin buhun. Ƙasusuwa ne, na ƙafa da na haƙarƙari, har da muƙamuƙi da haƙoransa.

"Alhaji, wannan fa? Miya zan yi da shi? Ai ba nama ko kaɗan."

"Wace miya? Na gas ne. Ba ke kika ce da ƙashi ake yi ba?"

"E, da kashi."

"To ga shi."

"Wannan ai kashi ne, Alhaji. Ni kashi na ce."

Kowa na kallon kowa. Ɓoɓɓo yana gefe, ya zo duba tiyo. Shi ne ya fara ganewa, dariya ta kusa kayar da shi.

"Non, non, Alhaji, pas les os!" in ji shi da Faransanci, wato ba ƙasusuwa ba. "A'a! Ba na jiki ba. Wanda saniya take yi. Ta baya." Har ya juya ya nuna da hannu.

Alhaji Awalu ya dubi Ɓoɓɓo, ya dubi kwanon tuwon da ya ci rabi. Ya ajiye cokali a hankali.

"Kashi," ya ce, wannan karon ba ƙugiya. "Mako nawa ina cin tuwon da aka dafa da kashi?"

"Ba a tuwon yake ba, a wutar yake," in ji Goggo.

Alhaji ya miƙe. Ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa, ya biya, ya fita. Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, wasu da loma a baki. Aka bar Goggo da buhun ƙashi da ƙudaje.

Washegari bencin 'yan Najeriya babu kowa. Suka koma rumfar Lauratu a ƙarshen layi, wata mai abinci da ke girki da gawayi. Labari ya zaga kasuwa, kuma da ya zaga sai ya ƙara kiba. Aka ce a cikin tukunya ake zubawa. Aka ce alwalar wanda ya ci ta karye. Har wasu 'yan benskin da ba su san ƙa ba balle ƙugiyarta suka daina tsayawa, don sun ga rumfa ba kowa. Goggo ta rage tukunya, ta sake ragewa. Da yamma takan aiko mana da tuwon da ya yi mata kwantai.

Ɓoɓɓo ya zo yana cizon yatsa. "Adda, da na kama bakina. Da mun bar shi a kan ƙashinsa, kowa ya huta."

"Ka ci gidanku," in ji ta. "In ciyar da mutum a kan karya? Ni ban ɓoye ba tun farko, kunnensa ne ya yi masa gyara."

Abin da ya fi damunta maganar alwala ce. Ta leƙo tagata ta ce, "Najiba mai shiru, sa mayafinki ki raka ni gidan Liman. Ke kin yi makaranta, in na faɗi kalmar ki sake faɗa masa da kyau, kada shi ma ya kawo mini buhu."

Liman Muhammad Bashir ya karɓe mu a zaure. Goggo ta yi bayani, ni kuma na maimaita kalmar da murya ƙasa-ƙasa, ina kallon tabarma. Ya yi ƙoƙari ya riƙe dariyarsa. Ya tambayi abin da shanun suke ci, ta ce ciyawa da dusa. Ya tambaya ko ana haɗawa da na masai, ta ce Allah ya kiyaye. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, muddin ba najasa take ci ba. Balle ma wannan ba kashin ke taɓa abinci ba. Ya yi alkawari zai faɗa a masallaci bayan la'asar.

Ya faɗa. Yayana da ke wurin ya ba mu labari cewa Alhaji Awalu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban ce haram ba ne. Zuciyata ce ba ta karɓa." Liman ya ce, "To Alhaji, zuciya kam ba ni da fatawa a kanta." Maganar alwala ta mutu daga ranar, amma benci bai cika ba.

A cikin wannan hali Ɓoɓɓo ya zo da baƙuwa, wata ma'aikaciya daga ofishin gari, da laima da takalmin ruwa. Ƙungiyarsu ta daɗe tana neman abu biyu: a ba su ɗan fili kusa da kasuwa inda za su riƙa cika jaka, kuma a ba su izinin da zai sa a daina tsayar da kekensu a hanya ana tambayar mene ne a ciki. Matar ta ce ana duba yadda za a taimaka wa irin wannan sana'a, har da sassauta musu haraji a shekarun farko, amma sai an ga mutane na amfani da abin da gaske. Ɓoɓɓo ya riga ya cika mata baki cewa rumfar yayarsa ba wurin zama. Suka iso da tsakar rana suka tarar da tela ɗaya yana cin shinkafa.

Matar ta dubi bencuna. "C'est tout?" Wato shi ke nan?

Goggo ba ta ji kunya ba. Ta share mata wuri, ta zuba mata farfesu, ta ba ta labarin buhun tun daga farko, da Faransancinta na kasuwa. Matar ta yi dariya har ta ƙware.

"Madam," in ji Goggo, "gas na kwalba an ce gwamnati na sa hannu don ya yi sauki, ga shi ana nema ba a samu. Namu ba ya jiran jirgin ruwa. Muddin saniya na cin ciyawa, akwai shi. Ku ba su filin. Mutane za su dawo, ciki ba ya fushi ya daɗe."

Matar ta ce za ta sake zagayowa. Ba ta yi alkawarin komai ba, amma ta cinye farfesun.

Bayan kwana kaɗan Alhaji Awalu ya zo da kansa, da hantsi, lokacin da ba kowa. Bai zauna ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi 'ya'ya da jikoki.

"Goggo, ni ba na son abin da ya faru. Shekara nawa muna tare. Tuwon Lauratu ba ya kama ƙafar naki, kowa ya sani. Ki koma gawayi kawai. Gobe in kawo miki mutanena gaba ɗaya, har da ƙari."

Ta dubi bencuna, ta dubi ƙaramar tukunyar da ta koma ɗorawa. Na san abin da take aunawa, don a makon nan ta fara maganar ko za ta sallami matar da ke taya ta wanke-wanke.

"Alhaji, ka ga idona?"

"Na gani, ya yi kyau."

"Lokacin da yake ja, kana zaune a nan kana cin tuwo da hawayena a ciki, zuciyarka ta karɓa. Yanzu da na huta ne ba ta karɓa ba?"

"Haba Goggo, ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Kai mutumin kirki ne, buhu guda ka kawo mini kyauta. Amma ido biyu gare ni, kuma ba a sayar da su a shagonka. Ba zan koma ba. In ka zo, ga wurinka. In ba ka zo ba, mu gaisa a hanya."

Ya ce Allah ya kyauta, ya tafi.

A ranar ta sa Ɓoɓɓo ya ƙaro tiyo. Da can risho a bayan rumfa yake, bayan wani buhu da aka rataya. Ta cire buhun, ta fito da risho gaba, bakin hanya, inda duk mai wucewa zai ga wutar da gindin tukunya fes babu baƙi. Duk wanda ya tsaya kallo sai ta ce, "Na shanu ne, ɗana. Abin da suka kayar. Matso ka shaka, in ka ji wari kada ka ci." Ba ta jiran a tambaye ta. Wasu su toshe hanci su wuce, wasu su matso. 'Yan benskin suka fara dawowa, don su abin da ya dame su abinci ya sauka kafin fasinja ya kira.

Daga cikin 'yan Najeriya Malam Zaidu ne ya fara karya layi. Ya zo yana taku kamar mai wucewa, ya tsaya ya harɗe hannu a baya yana kallon wutar.

"Kai, Fulani! Kun sha nononta, kun ci namanta, kun sa fatarta a ƙafa. Yanzu abin da baiwar Allah ta yar ma kun bi ta kun kwashe. Saura kukanta ku sa a jaka."

"Jaidu, bawana, yunwa ce ta koro ka? Na ga wuyanka ya yi tsawo."

"Ni? Na zo duba lafiyar baiwata ne. An ce Liman ya wanke ki."

"Liman ya ce yana da sarki."

"Sarki! Kun ji ko? Kashin ma an naɗa masa sarauta. To ranka ya daɗe," ya rusuna wa risho, "a zubo mini na gaban goshi, da man shanu."

Tela ya fashe da dariya, Goggo ta jefi Zaidu da murfin roba. Ya zauna ya ci kwano guda ya nemi ƙari. Washegari ya zo da mutum biyu. Bayan su wasu samarin Kano masu kayan waya suka riƙa zuwa, da farko suna zama can ciki inda ba za a hango su daga hanya ba, daga baya suka daina ɓuya. Goggo ta mayar da babbar tukunyarta kan wuta. Matar wanke-wanke ba ta tafi ba. Da ma'aikaciyar nan ta sake zagayowa, a tsaye ta ci abinci, ta tambayi Ɓoɓɓo jaka nawa ramin zai iya cikawa in masu abinci sun ƙaru.

Alhaji Awalu da dattawan da ke tare da shi suka tsaya a wajen Lauratu. Yakan wuce ta gaban rumfa, ya ɗaga hannu, Goggo ta amsa. Ba ta taɓa kiransa ba, ba ta kuma bari a yi masa dariya a benci. In wani ya ɗauko zancen buhu sai ta ce a ci abinci a bar mutum da zuciyarsa.

Ruwa bai ɗauke ba, gas bai dawo ba, gawayi ya ƙara wuya. Wata yamma, bayan an watse, ina zaune wajen Goggo tana tsince wake, sai ga Lauratu. Tsakaninsu ba gaba, amma ba ta saba shigowa ba. Idonta jawur, gefen mayafinta duk toka. Ta gaishe da Goggo, ta zauna a bakin benci, ta daɗe tana kallon risho.

"Goggo, wai da gaske ba ya wari?"

"Kunna ki ji."

Ta kunna, ta kara tafin hannu a sama, ta kashe. Ta sake kunnawa.

"Yau sai da azahar ta wuce shinkafata ta nuna. Alhaji na zaune yana duba agogo, ni ina kuka a kan murhu. Wallahi na gaji. Ko Ɓoɓɓo zai iya kawo mini jaka ɗaya in gwada?"

"Zai iya. Ramin ya fi karfina ni kaɗai, nema suke a karɓa." Goggo ta ture tiren wake gefe. "Amma Lauratu, Alhaji fa? Kin san a kan me ya bar nan."

"Na sani."

"Kada ki ɓoye masa. Ki gaya masa tun ranar farko, a gaban mutanensa."

"Zan gaya masa. Da Hausa, da Faransanci, in ya so har in zana masa saniyar."

"In ya tashi fa?"

Lauratu ta share ido da bayan hannu. "Ya tashi ya je ina, Goggo? Balkisu mai abincin bayan masallaci ita ta aiko ni in tambayo mana mu biyu. In duk layin nan ya koma jaka, sai dai Alhaji ya sayi tukunya ya koyi tuƙa tuwo."

Goggo ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Sannan ta juyo gare ni.

"Najiba, kira mini Ɓoɓɓo a wayarki. Ki ce gobe jaka uku zai ɗauro, ya zo da tiyo da risho biyu. Kuma ya fito da wuri, kafin gada ta cushe."